Ɓarawon Kwasakwasan Barba Anestis

"...Lafiya lau, uwargida, lafiya lau. Ya gajiyar mota? Ina rigata?"

"Haba Pappu, ko gaisuwar ba mu gama ba. Ka tambaye ni sanyi mana."

"Sanyi ga shi nan ina ji har cikin ƙashina. Ina rigata?"

Safiyar wata Asabar ce a tsakiyar Janairu, a bakin tafkin Kerkini, gaban 'yar rumfar da nake sayar da kofi da burodi mai cuku. Ni ce Parthena, 'yar wannan tsoho mai taurin kai, wanda don girmamawa ake ce wa Barba Anestis, kuma gwaggon wannan yarinya mai kaifin baki, Simela. Sunan mahaifiyarmu marigayiya aka sa mata, shi ya sa tun tana jaririya Baba yake kiranta uwargida. Ita kuwa Pappu take ce masa, wato kaka, kuma tun da ta iya magana ba ta taɓa raga masa ba.

Tun da kamun kifi ya ja baya, tsuntsayen nan kwasakwasa ne suke riƙe da Baba. In sanyi ya kankama, jakar nan ta ƙarƙashin bakinsu ta yi jawur, sai masu kallon tsuntsaye su yi ta zuwa da na'urorin hotonsu. Baba ya kwashe su a kwalekwalensa, yana jefa kifi, tsuntsaye na cafewa, baƙi na ta ɗauka. Duk aikin nan a cikin wata tsohuwar rigar ruwa rawaya yake yinsa, rigar da ta fi rariya huda. Bara ita ta kwantar da shi a asibiti da ciwon huhu, har muka fara cire rai. Da ya warke na rantse masa cewa in ya sake shiga tafki a cikin riga mai yoyo, zan sa wa kwalekwalen sarƙa da kwaɗo, shi da ruwa sai kallo daga nesa. Ya san ba na rantsuwar wasa. Shi ya sa jiya ya ba Simela rigar ta kai wa tela a Serres, inda take aiki a kantin magani, a lilliƙe ta kafin baƙin yau su iso.

Simela ta buɗe wata ƙatuwar leda, ta zaro sabuwar riga shuɗiya, mai kauri, mai hula da gashi a ciki.

"Ga rigarka."

"Wannan kuma ta wane minista ce?"

"Taka ce. Albashina na farko ke nan ka ke kallo, ka taɓa shi da ladabi."

"Ke! Na ba ki mara lafiya ki kai min asibiti, kin dawo min da ɗan mutane?"

"Mara lafiyar ya cika a hanya, Pappu. Sai haƙuri, Allah ya ba ka dangana."

"Bakinki ya sari dutse! Me telan ya ce?"

"Ya samu ya yi magana ne? Ina kwance ƙullin ya faɗi sumamme a kan kekensa. Sai da maƙwabta suka yayyafa masa ruwa. Kuliyoyin Serres kaf suka biyo ni a layi har tasha, wani ɗan sanda ya tsare ni yana tambaya ko na sami izinin zanga-zanga."

"Ƙarya kike, ja'ira. Rigar nan da ita na je baftismarki, fadan coci da kansa ya yaba ta."

"Ashe shi ya sa na yi ta tsala ihu a cikin ruwan! An ce har Bulgariya an ji ni. Ni da na ɗauka ruwan ne ya yi sanyi."

"Ihu kika yi don kin ga fuskarki a cikin ruwan. Da aka miƙo min ke na ɗauka ɗan kwaɗo ne aka naɗe a tawul."

"Duk wanda ya gan ni cewa yake da kai nake kama."

"Wa ya faɗa? Nuna min shi in kai shi ƙara."

Na miƙa masa kofi don ya rufe bakinsa. Ya kurɓa, yana hararar sabuwar rigar kamar ta ci masa bashi. Dutsen Beles ya yi fari fat da dusar ƙanƙara, iskar da ke saukowa daga can kuma ba ta san tsoho ba. Daga shi sai suwaita, haƙoransa har sun fara haɗuwa.

"Ba zan sa ba," in ji shi. "Tsuntsayena su gan ni a cikin wannan abu, su ɗauka ma'aikacin haraji ne, su gudu."

Simela ta riƙe haɓa. "A'a! Gwaggo, kin ji? Ashe riga suka sani, ba shi ba. Mutumin da ya ishe mu da cewa kakannin kwasakwasan nan ma sun san fuskarsa."

"Sun sani mana!"

"Wanda ya ce in ya yi atishawa a gida, sai su amsa daga tsakiyar tafki."

"Suna amsawa! Ni suka sani, ke 'yar ƙwayar magani. Ko a buhun dankali aka cusa ni aka ɗaure baki, za su zo su tsaya a gaban buhun."

"To ga buhun. Shiga."

Nan ya ga ta ɗaure shi da igiyar bakinsa. Ya fizge rigar, ya zura hannu, ya ƙi jan zif ɗin sai da na ja masa da kaina har wuya. Ya dube ni, ya rage murya yadda ita ba za ta ji ba.

"In ba su zo ba fa, Parthena?"

"Tsohuwar dai ba za ka ƙara shiga ruwa da ita ba."

"To in ba su zo ba, sai ki kawo sarƙarki. Ba zan tsaya ina kiran tsuntsu yana juya min baya a gaban mutane ba."

Ana cikin haka motar baƙi ta tsaya. 'Yan ƙungiyar kallon tsuntsaye ne daga birnin Atina, kowa da abin hangen nesa a wuya. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai fara'a, Kiriya Andromahi, wadda ta ce tun bara ake ba ta labarin Barba Anestis da tsuntsayensa. Can gefe kuma Lambros, abokin hamayyar Baba a wannan sana'a, ya matso da nasa kwalekwalen yana goge kujeru, wai shi ba ruwansa da kowa.

Baba ya ɗauki bokitin kifi, ya taka har ƙarshen katakon mashiga, ya buga gindin bokitin kamar yadda ya saba. Ya yi fito. Ya shiga kiransu da sunayen da ya raɗa musu.

"Janar! Mai Tukku! Ina Bazawara? Ku taho, ga karin kumallo!"

Tafki shiru. Ko farin gashi guda babu a kan ruwa.

"Pappu, ko ka ƙara murya? Wataƙila su ma sun tsufa, kunne ya yi nauyi."

"Rufe min baki. Wanka suke yi."

"Dukansu? A banɗaki ɗaya?"

Ya sake buga bokitin, ya wulwula kifi ya jefa sama. Wani hankaka ya sauko daga kan rumfata ya ɗauke, ya koma ya zauna yana kallonsa.

"Madalla, ga Janar nan ya zo," in ji Simela. "Amma ya rame, ya kuma yi baƙi. Ba ka ba shi abinci ne?"

"Ɗan'uwanki ne wannan, ta wajen uwa. Dubi yadda yake ci bai ce an gode ba."

Baƙi suka yi dariya, amma ta ladabi ce, irin wadda ake yi ana duban agogo. Lambros ya yi gyaran murya daga cikin kwalekwalensa.

"Barba, ko in zaga da su can gaba? Kada mutane su zo daga nesa su koma da hoton hankaka."

Baba ya sake kira. Daga nan ya ajiye bokitin ya tsaya kurum yana duban ruwa, ga shi tsundum a cikin riga mai tsada, ya koma ɗan ƙarami. Gaskiya tausayinsa ya kama ni har na ji haushin rantsuwata. Tun rasuwar mahaifiyarmu tsuntsayen nan ne suke tayar da shi daga gado da safe, ban kuma san me zai tashe shi ba in na raba shi da su. Na dubi Simela na ga ita ma ta yi tsuru-tsuru.

Kiriya Andromahi ce ta katse shirun. Ta hau kan tudun da ya tare ruwa tana dube-dube da abin hangen nesanta, sai ta ɗaga hannu.

"Barba Anestis, wane ne wancan mutumin a bayan itatuwan can, wajen kwanar hanya? Ai ga kwasakwasan can gaba ɗaya sun kewaye shi!"

"Wane mutum?"

Tsohon da ke cewa gwiwa ta hana shi zuwa coci, sai ga shi ya haye tudu kamar ɗan akuya. Ya karɓi abin hangen ya manna a ido.

"Ɓarawo! Na rantse da Maryamu ɓarawo ne! Ga Janar can a gabansa, ga Bazawara, munafuka, har da buɗe masa baki! Lambros, ɗan wa ka turo ya sace min tsuntsaye?"

"Ni? Ni ma tun asuba nake nemansu, ko ɗaya ban gani ba."

"Dubi tsayuwarsa, tsayuwar marasa gaskiya. Siriri kamar sanda. Ko motsi ba ya yi don rashin kunya. Kai, wannan ɓarawon ma ba shi da kai!"

"Ba shi da me?" in ji ni.

"Kai! Babu kai a wuyansa! Kuma... tsaya. Wannan facin na kafaɗa ai ni na..."

Ya sauke abin hangen a hankali. Ya juyo ya dubi jikarsa. Ita kuwa ta koma bayana ta ɓuya, tana ƙunshe dariya.

"Uwargida."

"Na'am, Pappu."

"Telan da ya suma."

"Allah ya ba shi lafiya."

"A cikin itatuwan can yake ɗinki?"

"To ai direban bas ne ya ƙi! Ina sa ƙafa ya toshe hanci, ya ce ko ni ko ita, mutum ɗaya zai ɗauka. Na roƙe shi ya sa ta a but, ya ce akwai cukun mutane a ciki. Sai na gangara bakin ruwa, na sami wani karyayyen matuƙi, sandar nan ta tuƙa kwalekwale, na kafa a taɓo, na gicciya sanda, na rataye ta ta sha iska. Na ce in na dawo na san yadda zan yi da ita."

"Kin bar min riga ta kwana a waje ita kaɗai?"

"Ita kaɗai? Duba dai da kyau. Ta fi ka jama'a."

Ban san lokacin da na rufe rumfa na faɗa kwalekwale tare da baƙi ba. Baba ya tayar da inji, fuskar nan a murtuke, muka zaga bayan itatuwan. Abin da muka tarar ba zan manta da shi ba. Ga riga rawaya a tsaye a bakin ruwa, hannuwa a buɗe, ga kwasakwasa sun yi dafifi a gabanta, manya-manya, gashin ƙeyarsu a murɗe, jakunkunan bakinsu jawur a cikin hasken safiya. In iska ta ɗaga hannun rigar na dama, sai kawunan nan duka su juya dama, bakuna a wangale. In hannun ya faɗi, su bi shi da kallo. Baƙi suka rikice, ba ka jin komai sai ƙarar na'urori. Kiriya Andromahi tana ɗauka tana share hawayen dariya, tana cewa shekarunta da yawa tana bin tsuntsaye, ba ta taɓa ganin irin wannan ba.

Simela ta miƙe tsaye a cikin kwalekwale, ta riƙe ƙugu.

"Jama'a, ga Barba Anestis na gaskiya can. Wannan da ya tuƙo ku direbansa ne."

"Zauna kafin ki kifar da mu! Yarona ne wancan. Ni na koya masa aiki, na tura shi ya riƙe min wuri."

"Ai kuwa ya fi maigidansa iya aiki. Ba ya tari, ba ya ƙarya, ba ya cin bashin kofi a wurin Gwaggo."

"Kifi nawa ya ba su tun jiya? Mayaudari ne, irin samarin da ke zuwa kantinku sayen maganin ciwon kai alhali lafiyarsu ƙalau."

"Su dai sun fi son mayaudarin. Kira Janar mu gani."

"Janar!"

Ƙaton tsuntsun ya waiwayo, ya dubi Baba sama da ƙasa da ido ɗaya, ya mayar da kansa wajen rigar.

"Wayyo Pappu! Ko gaisuwa babu!"

"Butulu! Ni na cire masa ƙugiya daga fiffike da hannuna. Bari in sa rigata ka ga yadda zai zo yana neman gafara."

Ya kai hannu zai zuge zif. Na riƙe hannun.

"Baba, na rantse, kuma a gaban mutane zan maimaita."

"To ya kike so in yi, Parthena? Da ita ba ki yarda ba, babu ita su ba su yarda ba!"

Ya faɗe ta da ɗaci. Simela ta tuɓe takalmanta na birni, ta zura ƙafa a cikin manyan takalman roba na Baba da ke ƙarƙashin kujera, ta dira cikin taɓo. Ta ratsa ta tsakiyar tsuntsayen suna gunaguni suna matsa mata, ta tumɓuke matuƙin da rigar a jikinsa, ta saɓo shi a kafaɗa. Kafin ta iso, rundunar nan duka ta juyo ta biyo bayanta. Ta kafa matuƙin a goshin kwalekwale, ta ɗaure shi tamau da igiyar anga.

"Ga kyaftin ya hau. Direba, ja mu je."

Baba ya dubi rigar, ya dubi tsuntsaye, ya dube ni.

"Wannan ya halatta a dokarki?"

"Ita ta jiƙe in ta ga dama, ba ta da huhu. Kai dai ka zauna a cikin taka, ba ruwana da kwalekwalenka."

Ya ja inji a hankali. Wallahi sai ga su sun biyo mu, wasu suna iyo a gefe, wasu suna tashi su wuce ta saman kanmu da fukafukan nan masu faɗin ƙofa, su sauka a gaba su jira. Baba ya fara jefa kifi, hannun ya tuna aikinsa, Janar ya cafe na farko a sama, jakar bakinsa ta buɗe kamar laima. Baƙi suka sa tafi. Da gangan Baba ya karkata ya bi ta gaban mashiga, inda Lambros ke zaune a cikin kwalekwalensa mai gogaggun kujeru babu kowa a kai.

"Lambros! In kana so in ara maka wando, wataƙila ka sami agwagwa!"

Farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, na shiga raba wa baƙi burodin da na ƙunso kyauta. Simela kuwa ta matsa kusa da kakanta tana leƙen fuskarsa.

"Pappu, ina tarin?"

"Wane tari?"

"Wanda kake yi kullum da mun baro gaɓa. Tun ɗazu nake jira."

"Na bar shi a gida."

"Kuma mene ne wannan a goshinka? Gumi? A watan Janairu?"

"Ruwan tafki ne ya fantsamo."

"Ɗaya hannun fa, me yake yi a aljihu tun da muka taso?"

"Yana bincike ne, ko kin manta canji a ciki."

"Ka faɗa dai. Faɗi a gaban mutanen Atina, su kai labari."

"In faɗi me? Riga ce kamar ta ma'aikacin haraji. Launinta na marasa lafiya. Zif ɗinta na cizon gemu." Ya ƙara nutsa hannu a aljihu. "Tana da ɗumi, la'ananniya."

"Ban ji ba, injin na ƙara."

"Na ce tana da ɗumi! Kin ci, uwargida, kin ci!" Dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabon da in ji tun kafin ya kwanta asibiti, har yana dukan cinya. "Shekara da shekaru ina taƙama ni ne sarkin tafkin nan, ashe ƙusar rataye riga ce ni!"

"Ƙusa mai tsatsa ma."

"To ungo, kafin in canza ra'ayi."

Ya tura mata bokitin kifin da ƙafa. Na zaro ido, don duk garin nan an san ko yayana, uban Simela, bai taɓa samun izinin jefa kifi ɗaya daga kwalekwalen nan ba. Ita ma ta tsaya tana kallon bokitin.

"Da gaske, Pappu?"

"Jefa musu mana, suna jira. Ki ɗaga sama sosai, ta gefen rana, don masu hoto su samu. Ni hannuna ya sami wurin zama, ba ya fitowa."

Ta naɗe hannun rigarta ta birni, ta damƙo kifi mai sanyi, ta wurga shi sama da dukan ƙarfinta. Janar ya taso ya cafe shi tun bai fara faɗowa ba, ruwa ya fantsamo mana a fuska, baƙi suka sa sowa.

"Ka gani? Ni ya sani!" in ji Simela.

"Haka ni ma nake cewa a da," in ji Baba, ya ja hular sabuwar rigarsa ya rufe kunnuwa. "Jefa na biyu."